Faɗaɗa titi da gadar sama za su hana kaɗe mutane?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Akwai babban titi da ya ratsa unguwarmu, makarantar firamare a gefe ɗaya, shaguna da tashar bas a ɗaya gefen. Ba a daɗewa sai an ji mota ta kaɗe wani, galibi yara da tsofaffi. Yanzu mun ji ana shirin faɗaɗa shi, hannu biyu na tafiya biyu na dawowa, a sa shinge a tsakiya, a gina gadar sama ta masu ƙafa. Mutane na ta murna, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Shin wannan zai magance matsalar? In ba zai yi ba, yaya ake tsara titi yadda mai mota da mai keke da mai tafiya a ƙasa da mai keken guragu kowa zai samu haƙƙinsa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka biyu ce a haɗe: ko shirin da aka kawo zai rage zubar da jini, da kuma yadda ake rabon filin titi ba tare da an danne wani ba. Amsar ta farko a taƙaice ita ce a'a. A titin da ke da makaranta da shaguna da tasha, ƙara hannu yana ƙara gudu, gudu kuwa shi ne abin da ke kisa. Rashin kwanciyar hankalinka na da tushe, kuma zan nuna maka shi da alƙaluma.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, fiye da rabinsu kuma masu ƙafa ne da masu keke da masu babur. Tsakanin shekara 5 zuwa 29 da haihuwa babu abin da ya kai haɗarin hanya kisa. An daɗe ana ɗora laifin kan ganganci, a ce direba ya yi sakaci ko yaro bai duba ba. Gaskiya ne ana sakaci, sai dai ɗan Adam ba zai daina kuskure ba. Wannan ne majalisar dokokin Sweden ta amince da shi a 1997 a tsarinta na Vision Zero, mai burin kada a rasa rai ko ɗaya a hanya: tunda kuskure dole ne, nauyin wanda ya zana titin ne ya tabbatar kuskuren bai zama ajali ba. Kafin nan Holand ta ɗanɗana kuɗarta. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a hanyoyinta, sama da 400 yara ne, iyaye suka fito zanga-zanga, ƙasar ta sauya yadda take gina tituna. A yau mutuwar shekara ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan adadi ba, duk da motoci sun ninka.

Tushen matsalar shi ne haɗa abu biyu da ba sa zama inuwa ɗaya. Akwai hanyar wucewa, irin ta tsakanin garuruwa, wadda aikinta ta kai mota nesa da sauri, ba ƙofar gida a bakinta, ba mai tsallakawa. Akwai kuma titin zama, inda ake saye da sayarwa, ake sauke fasinja, yara ke zuwa makaranta. Shekaru da dama injiniyoyi sun riƙa ɗauko ma'aunin ta farko suna shimfiɗa shi a kan na biyu. Titin da ka siffanta na zama ne, shirin da aka kawo muku kuwa na hanyar wucewa ne.

Gudu, kafin komai

Ɗauki motoci biyu a busasshiyar kwalta, ɗaya na gudun kilomita 30 a awa, ɗaya na 50. Yaro ya faɗo titi. Direban da hankalinsa ke kan hanya na buƙatar kamar daƙiƙa ɗaya kafin ƙafarsa ta kai kan burki. A wannan daƙiƙar mai 30 ya ci mita 8, mai 50 ya ci kusan mita 14. Bayan taka burki, ta farko na buƙatar wajen mita 5 ta tsaya cik, ta biyu wajen mita 14. Wato mai 30 ya tsaya a mita 13, mai 50 sai mita 28. Ka lura da wannan sosai: a daidai inda mota ta farko ta riga ta tsaya, direban ta biyu bai ma fara taka burki ba, da cikakken gudunsa zai bugi yaron. Ƙarfin bugun kuma ba daidai da gudu yake hauhawa ba, ninkuwa yake yi. Na kilomita 50 ya kusa ninka na 30 sau uku. Mafi yawan waɗanda aka buga a gudun 30 suna tashi da ransu, daga 50 zuwa sama kuwa lamarin kan juye da sauri. Shi ya sa taron ministocin duniya na Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da mutane, Sifaniya kuma ta mai da shi doka a 2021 ga titunan cikin gari masu hannu ɗaya a kowane ɓangare.

Sai dai kafa allo mai lamba 30 ba ya rage gudu shi kaɗai. Direba ba allo yake karantawa ba, titin yake karantawa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: in ya ga miƙaƙƙiyar hanya mai faɗi, ba bishiya kusa, ba abin da zai goga, ƙafarsa da kanta za ta danna totur. Saboda haka a aikinmu na zanen tituna ba ma fara tambayar gudun da motoci ke yi yanzu don mu zana titin da zai ɗauke shi. Muna zaɓar gudun da muke so, sannan mu zana titin da zai sa wuce wannan gudun ya zama da wuya.

Kayan aikin ba su da yawa. Na farko faɗin hannu: mita 3 ya ishi hannun mota a cikin gari, inda manyan bas ke bi a kai shi 3.2 ko 3.3. Mita 3.5 zuwa 3.7 ma'aunin babbar hanya ne. Na biyu kwanar mahaɗa: in aka yi mata shimfiɗaɗɗen lanƙwasa, mota za ta sha kwana ba tare da ta sassauta ba, a daidai inda mutane ke tsallakawa, a matse lanƙwasar zuwa mita 3 zuwa 5 daga cibiyar da'irarta, dole direba ya sauko. Na uku tudun rage gudu, wanda a nan ne aka fi yin aika-aika. Tudu na ƙwarai tsayinsa santimita 7.5 zuwa 10, tsawonsa a bin hanya kusan mita 4, mota na hawa ta sauka a gudun 25 zuwa 30 ba tare da ta daki ƙasa ba. Siririn tudu mai tsini da ake zubawa da siminti cikin fushi bayan an yi haɗari yana fasa ƙasan mota, yana kayar da mai babur da dare, direbobi kuma sai su kauce masa ta gefen da mutane ke tafiya. Tudu ɗaya tilo ma ba ya aiki, don ana wuce shi ake sake taka wuta. A jera su da tazarar da ba ta wuce mita 100 ba, a shafa musu fenti mai ɗaukar ido, a sa haske a kansu.

Abin da ƙarin hannu ke jawowa

Hujjar masu faɗaɗawa ita ce cunkoso. A watannin farko hanya kan buɗe, gaskiya ne. Amma sauƙin da aka samu shi ke jawo wanda da yake bin wata hanya, da wanda da yake hawa bas, da wanda da yake jira rana ta yi sanyi, har titin ya sake cika. Babbar hanyar Katy a birnin Houston na Amurka an gama faɗaɗa ta a 2008, a wasu wurare ta kai hannu 26 in an haɗa da na gefe, cikin 'yan shekaru lokacin tafiya a sa'o'in cunkoso ya sake tsawo. Da safe da yamma ke nan ba ku tsira daga cunkoso ba, da tsakar rana da dare kuwa, lokacin da titi ya zama fayau, kun samu filin tsere a ƙofar makaranta.

Akwai kuma wani irin haɗari da sai a titi mai hannu biyu a ɓangare ɗaya ake samunsa. Bas ta tsaya a hannun gefe, ko wani direba mai kirki ya tsaya ya ɗaga wa yarinya hannu ta wuce. Yarinyar ta shiga gaban motar da ta tsaya, motar ta kare ta daga idon wanda ke tahowa a hannu na biyu, shi ma ta kare shi daga idonta. Ta fito, ya iso. Babu wanda ya yi ganganci a cikinsu, zanen titin ne ya haɗa su. Ga kuma nisa: hannu biyu mita 7 ne, mai tafiya a tsanake zai ci daƙiƙa 7, a wannan lokacin motar da ke gudun 60 ta ci sama da mita 115. Ana neman yaro ɗan shekara bakwai ya ƙiyasta gudun motar da ke can nesa, abin da ko babba na kuskurewa.

Gadar sama

Gada na da kyan gani, ana buɗe ta da biki, shi ya sa hukumomi ke son ta. Amma ka lissafa abin da take nema daga mai ƙafa. Don tirela ta wuce ƙarƙashinta, sai benenta ya kai kamar mita 5 da rabi. Da matakala, hawa sama da talatin ke nan a kowane gefe. Mai keken guragu ya fita daga lissafi, haka mai sanda, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, da mai ciki, da mai tura amalanke. In aka ce a yi gangara maimakon matakala, ƙa'idar keken guragu ita ce kowane mita ɗaya na hawa ya samu mita 12 na tsawo, wato mita 66 a hawa, 66 a sauka, ban da wuraren hutawa. Tsallakawar mita 15 ta koma tafiyar mita 150. Da dare kuma gadar da ba kowa a kanta wuri ne da mata da yawa ba za su yarda su hau ba, kuma suna da gaskiya.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Ana ɓalle shinge, ko a haura shi, mutane su ci gaba da tsallakawa a ƙasa, amma yanzu a gaban direban da gadar ta gaya wa cewa babu kowa a kan hanya. In aka kaɗe mutum sai a ce shi ya ƙi hawa gada. Wannan ne ya fi ci mini rai a lamarin gada, domin tana ɗauke laifi daga kan wanda ya zana titin ta ɗora wa wanda ya mutu. Tana da muhallinta: kan layin dogo, kan kogi, kan babbar hanyar da ba ta da gidaje a baki. Ƙofar makarantar firamare ba ta cikinsu.

Tsallakawa a ƙasa, yadda ya kamata

A fara da gano inda mutane ke tsallakawa da kansu, domin can za su ci gaba da bi ko an so ko ba a so: ƙofar makaranta, bakin tasha, bakin kowane layi. Can ake sa mashigin. A cikin gari tazarar mashigi da mashigi kada ta wuce mita 80 zuwa 100; in ta kai 200 mutane ba za su zagaya ba. Farin zane a kwalta shi kaɗai ba ya tsayar da mota, don haka a ɗaga mashigin ya yi daidai da dakalin masu tafiya, samansa shimfiɗaɗɗe, gefensa da gangara. Ya zama tudun rage gudu da mashigi a lokaci guda, mai keken guragu kuma ya wuce ba hawa ba sauka. Inda bas ke bi a tsawaita saman zuwa mita 6 don kada fasinjoji su riƙa jijjiga.

A tsakiyar titi a yi tsibirin tsayawa, faɗinsa kada ya gaza mita 1.8, gwamma 2, yadda uwa mai tura keken jariri ko mai riƙe da keke zai tsaya ba tare da wani sashe ya leƙa hanya ba. Amfaninsa babba ne: mutum ya duba gefe ɗaya, ya tsallaka mita 3, ya tsaya, ya duba ɗaya gefen. A hana ajiye mota aƙalla mita 6 zuwa 10 kafin mashigi, kuma ba da allo za a hana ba, a turo dakalin ya cinye wurin, ko a kafa turaku. Yaro gajere ne, motar da aka ajiye na ɓoye shi gaba ɗaya. Garin Hoboken a Amurka, wanda ya dage kan share bakin mahaɗa irin haka tare da rage gudu, ya yi shekaru a jere tun 2017 ba a rasa rai a titunansa ba.

In akwai danja, a lissafa lokacin tsallakawa da tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, kusa da asibiti ko inda tsofaffi ke da yawa a sauko zuwa 0.8. A ba masu ƙafa koriyar fitila daƙiƙa 3 zuwa 7 kafin motocin da za su sha kwana, don su riga su shiga inda za a gan su. Kada jiran ya yi tsawo. Da zarar ya wuce daƙiƙa 30 zuwa 40 mutane kan fara kutsawa. Shataletale kuwa, in ƙarami ne mai hannu ɗaya, yana da kyau ƙwarai, domin wuraren da motoci za su iya karo a mahaɗa mai ƙafa huɗu suna saukowa daga 32 zuwa 8, kuma kowa dole ya sassauta. Babba mai hannu biyu ko uku kuwa tarko ne ga mai keke, makaho kuma ba ya iya gane lokacin tsallakawa da kunne tunda motoci ba sa tsayawa.

Rabon fili

Nan ne batun adalci yake. Tsohon lissafi motoci yake ƙirgawa, bas mai mutum hamsin da mota mai mutum ɗaya kusan daraja ɗaya, mai ƙafa kuwa ba ya cikin takardar. In aka ƙirga mutane sai hoton ya sauya. Hannu ɗaya na ƙananan motoci a titin gari da ƙyar yake wuce da mutum 2,000 a awa. Fili mai faɗi ɗaya in aka ba masu keke ko masu ƙafa ko aka keɓe wa bas, yana ɗaukar ninkin haka sau da yawa. A kan wannan lissafi Curitiba ta Brazil ta keɓe wa bas hanya tun 1974, Bogota ta Kolombiya ta bi a 2000, Dar es Salaam ta Tanzaniya a 2016. Wurin ajiye mota ɗaya kuma, wajen murabba'in mita 12, ya ishi keke takwas zuwa goma.

Saboda haka ake zana titi daga bango zuwa tsakiya: mai ƙafa tukuna, sai mai keke, sai bas, sai motocin kaya da na aiki, motar gida a ƙarshe. A ce titinku mita 20 ne daga bango zuwa bango. Shirin da aka kawo zai ba motoci mita 14, shinge mita 1, magudanar ruwa mita ɗaiɗai, ya rage wa masu ƙafa mita ɗaya da rabi a kowane gefe, a ciki kuma za a kafa turakun lantarki. Ga wani rabon na mita 20 ɗin nan: dakalin tafiya mita 2.5 a kowane gefe, da magudana a rufe a ƙarƙashinsa. Zirin bishiyoyi da fitilu da benci da masu tebur mita 1.5, hanyar keke mita 1.8; hannun mota ɗaya mita 3.2 a kowane ɓangare. Tsibirin tsakiya mita 2. Ba a rushe gidan kowa ba, ba a biya diyya ba, kuma a bakin mahaɗa, in an ɗan ci daga zirin bishiyoyi, tsakiyar kan zama wurin jiran mai shan kwana, don kada ya tare na bayansa. Amurkawa sun yi irin wannan ragi a tituna da yawa, daga hannu huɗu zuwa biyu da na tsakiya, hukumar manyan hanyoyinsu ta ce haɗari kan ragu da kashi 19 zuwa 47 cikin ɗari.

Dakalin tafiya shi ne ma'aunin da nake auna kowane titi da shi. Aƙalla mita 1.8 na cikinsa ya kasance fayau, ba turke ba allo ba janareta, don keken guragu biyu su iya giftawa. Karkatarsa zuwa titi don ruwa ya gangara kada ta wuce kashi 2 cikin ɗari, in ta fi haka keken guragu zai riƙa zamewa gefe. A ƙofar gida ko gidan mai, dakalin ne zai ci gaba a miƙe, mota ta hau ta sauka. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanke dakali a kowace ƙofa, mai tafiya ya riƙa hawa da sauka har ya gaji ya koma kwalta. A bakin kowane mashigi a shimfiɗa tayil mai ƙuraje wanda makaho ke ji da sanda da tafin ƙafa. Wani Bajapane, Seiichi Miyake, ya ƙirƙiro shi, aka fara shimfiɗa shi a Okayama a 1967: mai ɗige-ɗige na nufin tsaya, mai dogayen layuka na nufin bi nan. Sau da yawa ɗan kwangila kan shimfiɗa shi kamar ado, layin ya kai makaho ga turken fitila ko bakin rami, wanda ya fi rashinsa muni.

Hanyar keke da fenti kawai aka raba ta ba ta daɗewa, cikin mako za ta zama wurin fakin. Tana son dakalin kankare ko turaku. In tana gefen motocin da aka ajiye, a bar mita ɗaya tsakani saboda buɗe ƙofa. Inda babura suka yi yawa kada a tura su cikinta, domin babur a gudun 40 ga mai keke kamar mota yake. A gudun 30 wurinsu na tare da motoci, sai a ware musu wurin tsayawa da ɗaukar fasinja kusa da mahaɗa amma ba a bakinta ba.

Masu tebur da masu talla kuwa, korarsu ba ta taɓa ɗorewa, don inda mutane suke nan ciniki yake. In ba a zana musu wuri ba za su zauna a kan dakali, masu tafiya su sauka titi. A shata musu wuri a zirin bishiyoyi da layin da ba za su wuce ba. Kasancewarsu ma tsaro ne, titin da ke da masu shayi da fitila da dare ya fi wanda ya yi tsit aminci ga mace mai dawowa daga aiki. Fitilun kuma a yi masu gajeren turke, mita 4 zuwa 5, masu haska dakali da fuskar mutum; dogayen da ke haska tsakiyar kwalta mota suke yi wa aiki. A mashigi a sa fitilar kafin wurin, ta gefen da mota ke tahowa, don hasken ya faɗi a jikin mai tsallakawa.

Inda aiki kan lalace

Ruwa ne na farko. Mashigin da aka ɗaga yana datse ruwan da ke bin gefen titi, in ba a sa bututu ko mashigar magudana a gefen sama ba, ruwan sama ɗaya zai mai da wurin tafki a daidai inda ake takawa. Na biyu, in aka rage gudu a babban titi kaɗai, direbobi kan kwarara cikin ƙananan layuka inda yara ke wasa, don haka unguwa ake tsarawa gaba ɗaya. Na uku, a zauna da masu motar kashe gobara da motar asibiti da ta kwashe shara tun kan takarda. Inda babbar mota ke buƙatar faɗin kwana, a yi wa kwanar leɓe mai ɗan tudu wanda tirela za ta taka amma ƙaramar mota za ta ƙi. Na huɗu, masu shago na buƙatar wurin sauke kaya, in ba a ba su ba za su sauke a hanyar keke. Sai kulawa: fenti na gogewa, murfin magudana na ɓacewa, bishiya na son ruwa a shekarunta na farko. Kuɗin wannan in bai shiga kasafi tun farko ba, ba zai shiga ba.

Abin da za ku iya yi kafin a zuba kwalta

Ku je wa hukuma da alƙaluma, sun fi koke tasiri. Ku auna mita 50 a titin, ku sa alama a farko da ƙarshe, mutum ya riƙe agogon waya. Motar da ta ci tazarar a daƙiƙa 6 tana gudun 30, a daƙiƙa 3.6 tana 50, a daƙiƙa 3 tana 60. Ku auna mota ɗari a lokacin da hanya ba cunkoso, har da dare. Ku ƙirga masu tsallakawa na awa ɗaya lokacin tashi daga makaranta, ku zana a takarda inda kowa ya bi, ku ware yara da tsofaffi da masu naƙasa. Ku tattara wuraren da aka yi haɗari a shekaru uku zuwa biyar da suka wuce daga bakin mazauna da masu shago, domin rajistar hukuma kan rasa da yawa. A taron jin ra'ayi ku tabbatar an ji daga makafi da guragu da iyaye mata da direbobin bas, a kuma sa shi a lokacin da za su iya zuwa.

Sannan ku nemi a gwada kafin a gina. Da fenti da turakun roba da manyan tukwanen shuka ana iya zana tsibiri, a matse kwana, a turo dakali cikin kwana biyu, a bar shi wata uku zuwa shida, a sake auna gudu da cunkoso. Haka New York ta yi da dandalin Times Square a 2009, da fenti da kujeru, sai da aka ga sakamako aka zuba na dindindin. Abin da bai yi ba a gyara shi da araha.

Maganata na da iyaka, Malam. Ma'aunan da na kawo na gama-gari ne, dole injiniya ya auna titinku, ya duba magudanarsa da ƙa'idojin ƙasarku kafin a ɗora su. Rage hannu na aiki lafiya a titin da bai wuce mota kamar 20,000 a yini ba. Sama da haka sai an haɗa da inganta bas ko buɗe wata hanya. In kuma titinku shi ne kaɗai mabiyar tireloli masu ratsa gari, tudu da tsibiri za su rage ɓarna amma ba za su kawar da ita ba, maganin na asali shi ne hanyar kewaye da za ta fitar da su daga unguwa, ko a ƙayyade musu sa'o'in da ba na shiga da tashin makaranta ba. Zane kuma ba ya gyara burkin da ya lalace, ba ya hana maye, waɗannan aikin masu duba lafiyar mota ne da jami'an hanya. Abin da ke hannunku yanzu shi ne ku nemi a ba ku zanen da aka yi, ku duba abu uku a ciki: gudun da aka zana titin a kansa, faɗin da ya rage wa mai ƙafa bayan an cire turaku da magudana, da kuma inda aka ce mai keken guragu zai tsallaka daga tasha zuwa ƙofar makaranta.